Fitilun Babur ɗin Baba

Babanmu yana da doka guda a kan babur wadda bai taɓa sassautawa ba: in ka hango mutum yana tahowa, ka rage masa wuta. Ko mai keke ne, ko mai jaki, ko tsohuwa da ƙwaryar nono a ka. A wurinsa, ka dalle wa mutum ido da ful, wato cikakken hasken fitila, daidai yake da ka faɗa masa gida ba sallama. Tun ina zama a kan tanki, ƙafafuna suna reto, nake kallon babban yatsansa na hagu yana kai da komowa a kan ɗan makunnin nan, ful, dim, ful, dim, har rubutun wajen ya goge.

Malamin dabbobi ne. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, amma Fulanin da ke kewaye da Azare ba su san wani abu wai shi ritaya ba, su dai sun san Likita. Shanu kuma ba sa zaman jiran likita da rana. Da hantsi an kora su kiwo, sai rana ta yi ja suke dawowa ruga, saboda haka aikin Baba na yamma ne. Zai yi la'asar a masallacin unguwa, ya ɗaure jakarsa a kariyar babur, ya nufi wajen Giade ko hanyar Gadau. Ya duba saniyar da ciwon boru ya kama, ya ɗura wa masu ciwon hanta magani, ya yi magariba tare da mutanen rugar, sannan ya kamo hanya. Kafin a kira isha yana gida, ga galan ɗin kindirmo yana lilo a hannun babur.

Ni kuwa na tashi na zama rewaya, mai gyaran wutar babura. Abin bai yi masa daɗi ba da farko. Ya so in gaje shi, ni kuma ko kaza ake yankawa sai na kau da kai. Da ya ga ba yadda zai yi da ni, sai ya huce ta hanyar tsokana, ya laƙaba mini Injiniya. Ko ruwa zai ce in miƙo masa, sai ya ce, "Injiniya, a taimaka wa talaka da moɗa."

Ina da rumfa a bakin hanyar kasuwa lokacin da yayin ƙananan fitilun nan farare ya shigo gari. Kowane ɗan acaɓa sai ya ɗaura biyu, wani huɗu, babur ya koma kamar gidan biki. Ba ɗaurawar ce ke ba ni haushi ba, yadda suke haɗawa ne. Su feƙe waya da haƙori, su murɗa ta kai tsaye a kan batir, su naɗe da ledar burodi, ba fis ba komai. Na ga babur ɗin da ya kama hayaƙi a tsakiyar titi, mai shi yana watsa masa ƙasa yana salati. Kuma irin wannan haɗi ba ya jin dim. Ko mai babur ya rage babbar fitila, ƙananan suna nan suna soya idon mai tahowa.

Baba ya tsani fitilun nan kamar me. In ya dawo daga ruga sai ya zauna yana murza ido yana faɗa. "Waɗannan yara ba fitila suka ɗaura ba, rashin kunya suka ɗaura. Kai Injiniya, in na ji da hannunka a ciki, ni da kai ne." Nakan ce masa ni nawa haɗin daban ne, in an rage babbar, ƙananan ma sai su mutu. Sai ya taɓe baki, ya ce Allah da ya yi dare ai ya san da matafiya.

Wata damina ya fara kawo mini babur ɗinsa yana cewa fitilar ta yi rauni. Na canza ƙwan fitilar. Bayan kwana kaɗan ya dawo. Na buɗe gilashin na goge madubin ciki, na duba koyil, na auna batir, na kankare tsatsar da ke wajen at, wato inda waya ke kama jikin ƙarfe. Komai lafiya lau. Na ce, "Baba, fitilar nan fa ta fi ta kowa haske a layin nan." Ya ce kayan yanzu ne ba su da aminci, ƙwan da ake yi a da, in ka kunna har allura za ka tsinta a rairayi.

Ran nan da hantsi ya zo ya zauna a bencin rumfata, abin da ba ya yi. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali, alhali tare muka karya. Ya ɗauki wata tsohuwar filogi yana jujjuyawa. Can ya yi gyaran murya.

"Waɗannan 'yan fitilun naku, ka ce akwai yadda ake yi su bi dim?"

Na danne dariyata da ƙyar. Na ce, "Waɗanne, Baba? Na rashin kunyar?"

"Kai dai ka ba ni amsa, ja'iri."

A ranar na yi aikin da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba don tsafta. Ya jawo benci ya zauna kusa, sai na yi masa bayanin kowace waya kafin ya yarda in taɓa ta. Na jawo waya mai kauri daga batir, na sa mata fis dab da kan batir ɗin, don in wani abu ya gogu ya haɗu, fis ɗin ne zai ƙone, babur ya tsira. Na kai ta cikin wani ɗan baƙin akwati da muke kira rile. Ya ɗauke shi ya kai kunne ya girgiza.

"Wannan kuma mene ne aikinsa?"

Na ce masa mai gadi ne. Siririyar waya ɗaya nake ɗaukowa daga wayar ful ta babbar fitila, ita ce ke gaya masa ya buɗe ƙofa. In an sa ful, sai ya saki wuta daga batir zuwa ƙananan fitilun. In an mayar dim, sai ya rufe. Ta haka makunnin hannu ba ya ɗaukar nauyin da zai narkar da shi, kuma yatsa ɗaya ya isa ya kashe su duka.

"Wato yatsana ne dai sarki."

"Shi ne, Baba."

"To, ci gaba."

Na ɗaure fitilun a ƙarfen kare ƙafa, ƙasa-ƙasa, na sunkuyar da su su kalli hanya. Na bi duk wayoyin da salatif, na ɗaure su nesa da zafin inji. Da aka idar da magariba muka juya babur ɗin ya fuskanci katangar gidanmu. Ya danna ful, katanga ta yi fari tas har ana ganin ƙaiƙayin da ke cikin yaɓen. Ya mayar dim, aka ji ɗan ƙas daga rile, ƙananan suka mutu. Ya yi ta maimaitawa yana murmushi, Inna tana leƙowa daga zaure tana cewa tsoho ya koma ɗan acaɓa. Na daɗe ban ga Baba cikin farin ciki irin na wannan yammacin ba.

Daminar ta wuce lafiya. Da kaka ta kama ya dawo, wai in ƙara masa wasu biyun. Na ce batir ɗin ba zai ɗauka ba, sai dai in canza masa waɗannan da masu ƙarfi. Na canza. A 'yan kwanakin nan Inna ta fara ƙorafi cewa ya cika tuntuɓe da buta, kuma in ta ajiye masa kwano a gefensa sai ya yi ta kiran a kawo abinci. Muka yi dariya, shi ma ya taya mu, ya ce ita ce take ajiye kaya inda bai kamata ba. Tsufa muka ɗauka, don karatun Alƙur'aninsa na safe bai fasa ba, yana bin layi da yatsa kamar kullum.

Ranar wata kasuwa sai ga Arɗon wata ruga ta wajen Giade a rumfata. Dattijo ne dogo, abokin Baba tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa mallakar babur ba balle ya kawo gyara. Na shimfiɗa masa tabarma, na aika a kawo ruwa. Ya jingine sandarsa, muka gaisa, muka sake gaisawa. Bafulatani ba ya faɗa wa magana kai tsaye, sai da ya zaga ta kan ruwan bana da tsadar dusa, sannan ya sauke murya.

"Ɗan Likita, shekaranjiya yarana suna dawowa da amalanke, an ɗoro dammunan gero. Bayan magariba kaɗan. Sai ga wuta ta taho, fara fat. Suka yi ta ɗaga hannu, ba a rage ba. Bijiman suka firgita, suka yi cikin gona, amalanke ta kife."

Na ce, "Subhanallahi. An ji ciwo?"

"Allah ya tsare. Gero ne ya zube, an kwashe. Mai babur ɗin ya tsaya, ya sauko yana ba da haƙuri. Likita ne."

Na ce ba zai yiwu ba. Na faɗa da ƙarfi har maƙwabcina mai faci ya waiwayo. Na ce duk ƙasar Katagum ba wanda ya kai Baba rage wa mutane wuta.

Arɗo ya gyaɗa kai. "Shi ya sa na zo. Shekara nawa yana shigo mana, ko ɗan maraƙi bai taɓa firgitawa ba. Kuma ba wannan ne ya tayar mini da hankali ba. Babban ɗana yana tsaye a gefensa, kusa kamar ni da kai. Yaron da Likita da kansa ya halarci raɗin sunansa. Amma Likita bai san da mutum a wajen ba sai da yaron ya yi magana." Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. "Kada ka ce ni na faɗa maka. Mutum ne mai kunya."

Ban samu na yi wa Baba maganar ba, shi ya riga ni. Washegari ya turo babur ɗin cikin rumfa, ya tsaya bai zauna ba.

"Injiniya, cire mini mai gadin nan naka. Ka haɗa su kai tsaye, su zauna a kunne."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "Kamar na 'yan acaɓa?"

"Kamar yadda na ce."

"Baba, kai ka ce in ka ji hannuna a irin wannan haɗi, ni da kai ne."

"To yanzu na ce ka yi. Babur ɗinka ne ko nawa?"

Ina da saurin fushi, a wurinsa na gado, amma ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce masa ba zan yi ba. Na ce in ya ga dama ya kai wa wani, masu feƙe waya da haƙori sun cika gari, amma ni hannuna ba zai haɗa fitilar da ba ta jin dim ba, kuma shi ya koya mini haka tun ina kan tanki. Ya tsaya yana kallona, ni kuma a lokacin na lura da yadda yake juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

Ya zauna a benci. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Muryar da ya yi magana da ita ban san shi da ita ba.

"In na rage, ba na ganin komai. Hanyar gaba ɗaya sai ta ɓace. Ranar nan na ji ihun yaran, yatsana yana kan makunnin, na kasa dannawa. Tsoro na ji." Ya jujjuya hular a hannunsa. "Ni ne yau nake dalle wa shanu ido."

Na juya baya na yi kamar ina neman sufana a cikin akwati, don kada ya ga fuskata. Daga baya na gane ko ban juya ba, ba lallai ya gani ba.

Muka je asibiti. Likitar ido, wata mata mai sanyin magana, ta sa shi ya kafa haɓa a jikin na'ura, ta yi ta gwaje-gwaje. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa a hankali daga gefe-gefe, ba zafi ba ƙaiƙayi, shi ya sa mutum ba ya farga. Baba ya tambaye ta, irin tambayar ma'aikacin lafiya ga ɗan'uwansa, ko abin na kankarewa ne kamar yanar ido. Ta ce a'a, Baba. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai taimaka a riƙe sauran ne kawai. Sannan ta tambaya ko yana tuƙi. Na buɗe baki, ya riga ni. Ya ce, "Da dai."

Da muka dawo gida ya zaro makullin babur ɗin daga aljihu ya miƙa mini, hannunsa ya ɗan kauce wa nawa, na tare. Ba wanda ya ce ya bayar. Ya ce in shigar da babur ɗin zaure in rufe shi da buhu. Daga ranar, in an yi la'asar sai ya dawo ya zauna a dakalin ƙofar gida, jakar magungunansa a gefe, wai yana gyara ta. Lokacin da ya saba fita ke nan. In babur ya wuce sai ya bi ƙarar da kai har ta ɓace. Tsokana ta ƙare, Injiniya ma ya daina ce mini, sai dai "kai". Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma na rasa wanda zan gaya wa, don abin kunya ne ƙato da 'ya'ya ya ce yana kewar a tsokane shi.

Fulani ba su daina zuwa ba. Sukan tsaya su gaishe shi ranar kasuwa, su kwatanta masa ciwon dabba, ya gaya musu abin da za su saya. Amma kwatance ba ya fitar da maraƙi daga ciki. Wata yamma, rani ya fara, sai ga babban ɗan Arɗo a guje a kan keke. Wata karsana ce haihuwar fari ta zo mata da gardama, tun azahar take fama, ƙafa ɗaya kawai ta leƙo. Baba ya miƙe tsaye kafin yaron ya gama magana, ya laluba jakarsa, sannan ya tsaya cak. Na ga lokacin da ya tuna.

Na shiga zaure na yaye buhun. Na ce, "Baba, hau mu je."

Bai taɓa zama a bayan kowa a kan babur ba. Amma ya tattare rigarsa ya hau, ya dafa kafaɗata. A hanya shi yake gaya mini inda rairayi yake da zurfi da inda zan karkata, tun kafin mu kai, kuma bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Mun isa rana tana faɗuwa, shanu sun dawo, hayaƙin da ake yi musu na korar ƙuda ya kwanta a kan rugar. Aka kai shi wajen karsanar. Ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ya durƙusa. Wani ya kawo tocila zai haska masa, ya ce a bar ta, a cikin saniya ba a aiki da ido. Ni da ba na iya kallon yankan kaza, ranar na tsaya na kalla har ƙarshe. Yana yi yana yi wa karsanar magana da Fillanci a hankali, ya mayar da ƙafar ciki, ya laluba ya juyo da kan, ya ce a ja, a dakata, a ja. Maraƙin ya sulluɓo ƙasa jiƙe sharkaf, ya yi atishawa. Matan rugar suka ɗauki guɗa. Baba ya zauna a ƙasa yana haki yana dariya, ya juyo wajen da yake zaton ina tsaye ya ce, "Injiniya, ka suma ko kana nan?"

Na ce ina nan. Ina ɗaya gefen ne, amma na yi sauri na zagayo.

Muka yi magariba tare da su, Arɗo ya matsa sai Baba ya ja sallah. Aka rataya mana galan ɗin kindirmo a hannun babur kamar yadda aka saba. Na tayar da inji, na danna ful, na ji ɗan ƙas ɗin rile, fitilu uku suka kama. Hanya ta haske har can gaba, ina ganin kowane karan gero da kowane sawun kofato. Aikina ne, kuma ya yi kyau, ba abin da zan ƙara masa.

Mun ɗan yi nisa da rugar sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Duhu ya yi fa. Kunna fitilar mana."

Na riƙe kan babur ɗin da kyau.

"A kunne take, Baba."

"Har ƙananan?"

"Har su."

Na ji hannunsa ya ƙara nauyi a kafaɗata. Muka ci gaba da tafiya a hankali, galan yana bugun tanki, hawaye yana gangaro mini iska tana busarwa. Can gaba, wajen wata kwana, kunnensa ya riga idona. Ya jiyo ƙarar ƙafar amalanke da takun bijimai tun ban hango su ba. Ya ɗan bubbuga kafaɗata da babban yatsansa na hagu.

"Ga mutane nan tafe," ya ce. "Rage musu wuta."